Tayin da Aka Yi wa Mossie Deasy Sau Ɗaya

Shekara arba'in da ɗaya Mossie Deasy ya yi yana tura amalanke a babbar kasuwa mai rufi ta birnin Cork. Ya ɗauki kifi, ya ɗauki tumbi, ya ɗauki cinyoyin shanu da buhunan dankali, har akwai ranar da ya ɗauki wani mahauci da giya ta kayar, ya kai wa matarsa shi har ƙofar gida, bai karɓi ko sisi ba. Wannan shi ne aikin da ake biyansa. Wanda ba a biyansa, kuma ya fi so, shi ne nuna wa baƙi gari.

Da zarar ya hango baƙo tsaye yana juya taswira sama da ƙasa, sai ya yar da amalanken a tsakiyar hanya, kifin mutane yana ɗiga, masu kifin suna zaginsa.

"Yaro, me kake nema?"

A garin nan kowa yaro ne, ko ya shekara tamanin, ko fadan coci ne mai farin wuya.

"Abinci? To saurara. Duk inda ka ga an liƙa hoton abinci a ƙofa, ka wuce. Wanda ya iya girki ba shi da lokacin ɗaukar hoto. Hau benen can wurin Noreen, ka ce a ba ka tumbi da madara da albasa. In ka ƙoshi, ka tsallaka kogi ka hau tudu ka ga hasumiyar Shandon. Agogo huɗu gare ta, kowanne da tasa ƙaryar. Daga nan ka leƙa gidan tarihin man shanu. E, man shanu. Mu har gida muka gina masa, ku me kuka yi wa naku?"

A wani lungu mai matakala a tudun arewacin gari aka haife shi. Yana da shekara sha huɗu ya bar makaranta, makarantar ma ba ta neme shi ba. Ya auri Nonie, mai ɗinkin riguna a masana'anta, suka kama hayar wani ɗan gida mai ɗaki biyu a ƙasa, biyu a sama, a lungun da ke bayan na iyayensa. Iyakar tafiyar da ya yi a duniya ke nan. 'Ya ɗaya suka samu, Aideen. Ta yi karatun aikin haƙori ta tafi Rotterdam ta ƙasar Holan, ta auri wani mutumin can mai suna Wouter, wanda ba ya shiga ƙofa sai ya sunkuya. Mossie bai taɓa iya faɗin sunan ba, Dogo yake ce masa. Nonie ta rasu shekara bakwai da suka wuce. Bayan ta, gwiwar hagu ta bi, sai ƙugu, sai amalanken.

A watan Maris wasiƙa ta zo. Tsohon mai gidan ya mutu, ɗansa ya gaji lungun kusan duka, yana gyara gidajen ɗaya bayan ɗaya ya mai da su masaukin 'yan yawon buɗe ido. An ba Mossie zuwa ƙarshen Oktoba. Wato baƙin da ya shekara arba'in yana nuna wa inda za su ci, yanzu sun ci sun ƙoshi, gadonsa suke so.

Nas ɗin unguwa, wadda ke zuwa duba masa ƙafa, ta yi ta faɗi tashi har ta samo masa gado a wani gidan tsofaffi can bayan gari, inda sai ka hau bas biyu. Ta kawo takarda ta ce ranar Litinin, biyu ga Oktoba, ita ce iyaka. In bai sa hannu ba, a ba wani.

"Ka gaya wa 'yarka?"

"Tana nan zuwa ranar Juma'a."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, Mossie."

Bai gaya mata ba. Ya ninke wasiƙar da takardar ya tura ƙarƙashin akwatin burodi. Ba ya son gidan tsofaffin nan. Ya je can sau ɗaya gai da wani tsohon mai kifi, ya tarar da mutumin da muryarsa ke cika kasuwa zaune gaban talabijin da aka kashe wa sauti, an ɗaura masa ƙyalle a wuya. Abin da yake so shi ne ɗakin nan na ƙasa a gidan Aideen, wanda ta taɓa nuna masa a waya, mai taga ta wajen lambu. Amma a wurinmu ba a roƙo. Jira ake a yi maka tayi.

Tayin ma da ƙa'idarsa, ko yaron goye ya sani. In aka ce ka sha shayi, ka ce a'a, ko da maƙogwaronka ya bushe ƙamas. Wannan ladabi ne. Aka sake, ka sake ƙi, don ka ga ko mai tayin da gaske yake. Sai a na uku ka sauke numfashi ka ce, "To, tunda kin matsa," kamar kai ne ka yi mata alfarma. Wanda ya karɓa a na farko, har jikokinsa sai an yi musu gori.

Aideen da Dogo suka iso ranar Juma'a da la'asar. Ba su sauka a gidan ba, saboda danshi yana tayar wa Dogo da tari. Sun kama masauki ƙofa uku daga nan, gidan da marigayiya gwauruwa Lehane ta yi shekara hamsin a ciki. Yanzu an shafe shi da farin fenti, an maƙala ɗan akwatin mabuɗi mai lambobi a bakin ƙofa.

"Wuri mai kyau," in ji Dogo. "Ruwan zafi nan take. Wanda ya yi wannan tunani yana da kai."

"Yana da shi," Mossie ya ce. "Babba ma."

Ranar Asabar da safe suka shigo da mabuɗin Aideen na tun tana 'yar makaranta, suka same shi yana saukowa daga bene a zaune, matakala ɗaya bayan ɗaya, yana jan ƙafar hagu da hannu. Ya yi wuf ya kama ƙarfen bango ya miƙe.

"Maɓallin riga nake nema," ya ce.

Aideen ta wuce kicin. Ta ɗora butar shayi, ta yanka burodi, ta zauna tana kallonsa.

"Baba, mun yi magana da Wouter. Ka zo ka zauna da mu. Ɗakin ƙasa yana nan ba kowa, ba hawa ba sauka, asibiti kuma minti biyar."

Wani abu ya saki a ƙirjin Mossie wanda ya yi wata bakwai a ɗaure. Ya ji idonsa na neman kawo ruwa, sai ya shiga shafa wa burodi man shanu har gefe da gefe.

"Haba yarinya, ni? Me zan yi a ƙasar da ko tudu ɗaya babu? Lafiyata lau a nan. Kada ki ɗora wa kanki."

Ya ajiye wuƙar, ya jira.

Aideen ta dubi mijinta. Dogo ya ɗaga kafaɗa.

"Ai na gaya miki. Babban mutum ne, ya san abin da yake so."

"To, Baba," ta ce. "Ba zan matsa maka ba."

Butar ta yi ƙara. Dogo ya zaro waya ya ce ya rubuto wurare goma sha ɗaya da ya kamata a gani a Cork, da guda biyar na cin abinci, ko Mossie zai duba masa?

Mossie bai tsorata sosai ba a lokacin. Yini guda ne cur a gabansu. Yarinyar da aka haifa a lungun nan ba za ta tsaya a ɗaya ba, lokaci take nema kawai. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuska.

"Wannan sun rufe. Wannan ɓerayen nan ne masu sayar da ganye uku a faranti kamar tayar mota. Wannan mai girkinsu ɗan Dublin ne, Allah ya kiyaye. Sa wayarka a aljihu, Dogo, ka biyo ni."

Suka gangara gari cikin yayyafi. Ya nuna musu inda kogi ya rabu biyu ya rungume tsakiyar birni, da titin da a da ruwa ne jirage ke shiga, da wurin da ya taɓa kifar da kwandon kifi a ƙafar wani ɗan sanda. A kasuwa kuwa kowa sai ya taɓa shi.

"Mossie yaro! Ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka fara, in ga ko da daɗi."

Hawan benen Noreen ya ci masa minti huɗu. Ya ce tsayawa yake yi don su kalli rufin kasuwar. Noreen Buckley, gajeriya mai faɗi, shekara talatin tana ciyar da 'yan kasuwa, ta zubo wa baƙin tumbi fari tas cikin madara, da dankali, da naman sa mai kayan ƙamshi an yanka siri-siri. Ta juyo kan Mossie da ludayi a hannu.

"Za ka ci?"

"A'a, na karya."

"Kai dai ci kaɗan."

"Wallahi a ƙoshe nake, yarinya."

"Ci mana, tsohon banza, kafin iska ta ɗauke ka."

"To, tunda kin matsa."

Dogo ya ajiye cokali. "Ban gane ba. Kana jin yunwa?"

"Kamar in ci teburin nan."

"To me ya sa ka ce a'a har sau biyu?"

Mossie ya gode wa Allah da ya halicci mutanen Holan. Ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda ko mai kifi a ƙasa zai ji.

"Saboda a garin nan, Dogo, a'a ta farko ba a'a ba ce. Ta biyu ma haka. Duk wanda ya yi maka tayi sau ɗaya ya ja bakinsa, to dama bai so ka karɓa ba."

Ya saci kallon 'yarsa. Aideen tana dariya tana goge baki.

"Kai, na manta da haukan nan! Shekarata ta farko a can saura kaɗan yunwa ta kashe ni. In ka ce ba ka ci, sai su ɗauke farantin." Ta dafa hannun mijinta. "Amma ka san wani abu, Baba? Akwai hutu a ciki. Mutum ya faɗi magana, ka yarda da shi."

Ta koma kan tumbinta. Mossie ya tsoma cokali a nasa, ya ji kamar tsumma yake taunawa.

Da ya tashi zuwa wanke hannu, Noreen ta tare shi a bayan kanta. Ita ta san zancen wasiƙar. Kasuwa duka ta sani, mai kawo wasiƙu ƙanen mijinta ne.

"Ta yi maka maganar?"

"Ta yi."

"Sau nawa?"

Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Yesu da Maryamu da Yusufu! Bari in je in gaya mata da bakina."

Ya riƙe mata hannun riga. "Kika buɗe baki, ni da benen nan har abada."

"Ai ko ban buɗe ba ƙafarka ta kusa raba ku. Mossie, ranar Litinin fa jibi ce."

"Na iya ƙirga kwana. Ba zan je gidan 'yata a matsayin kayan da aka rasa inda za a ajiye ba. In tana so na, ta san yadda ake yi."

Bayan azahar suka tsallaka gada suka hau tudun Shandon. A gindin hasumiyar Aideen ta dubi matakalar dutse da ta murɗe ta yi sama cikin duhu, fiye da ɗari, ta ce, "Baba, kai ka zauna a nan kan benci. Yanzu za mu sauko."

A nan ne Mossie ya yi wautar da ta fi ta safe. Da ya zauna a bencin nan ya riƙe gwiwa, da ta sauko ta gan shi yadda yake, ƙila da bakinta ya sake buɗewa. Shi ma ya san haka. Amma a ganinsa zama a benci roƙo ne, roƙon ma na marasa kunya, wanda ake yi da jiki.

"Ni? Tun kafin a haifi Dogo nake hawan abin nan da gudu."

Ya hau. Yadda ya hau, shi da Ubangijinsa suka sani. Ya bar su a gaba suna ja wa ƙararrawa igiya kamar yara, shi yana baya yana cije leɓe, yana ɗaga ƙafar da hannu biyu in ba mai kallo. Wurin da hanyar ta matse har sai an rarrafa ta gefen ƙararrawa, ya ji wani abu ya yi ƙas a ƙugunsa, zufa ta karyo masa. Da ya fito sama iska ta buge shi, ya jingina da dutse, ya saki murya kamar ba shi ba.

"Ga ta nan, Dogo, duk duniya ke nan, saura ƙauye ne. Can babban coci ne mai mala'ikan zinariya. Can tsohon kurkuku, yanzu biya ake a shiga, dā kyauta ne. Ga kasuwa. Ga rufina can, wanda hayaƙi ke fita."

Rufinsa kaɗai ke hayaƙi a lungun. Sauran duk an toshe musu bututu.

"Kin gani?" Dogo ya ce da matarsa. "Mutumin nan sai ya binne mu duka."

Aideen ta saƙalo hannun ubanta, ta kwantar da kai a kafaɗarsa.

"Da safe ka ba ni tsoro, Baba. Amma yanzu hankalina ya kwanta. Raba ka da garin nan ai zalunci ne."

"Zalunci ne," ya ce.

Da yamma suka sayi kifi da soyayyen dankali a takarda suka ci a bakin kogi, tsuntsayen teku suna kewaye su kamar 'yan haraji. Dogo ya ce wannan ne abinci mafi daɗi da ya ci a tafiyar, ya tambayi sunan shagon don ya ba shi tauraro biyar. Sau biyu Aideen ta ce "Baba," sau biyu zuciyarsa ta tsaya. Na farko gishiri take so. Na biyu tambaya take ko yana zuwa kabarin mamanta.

Ranar Lahadi da tsakar rana ya raka su tashar bas ɗin filin jirgi. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya aske gemu. A aljihun ciki akwai wasiƙar da takardar nas, ya ɗauko su ba tare da ya san me zai yi da su ba. Dogo ya loda jakunkuna, ya ba shi hannu, ya shige. Aideen ta rungume shi, ta ja baya tana riƙe da kafaɗunsa.

"Baba, ka tabbata ba abin da kake bukata?"

Ya yi lissafi da sauri. Ba ta ambaci ɗaki ba. Amma in aka yi wa maganar adalci, za ta iya zama ta biyu. In kuwa ta biyu ce, saura ɗaya.

"Ba komai, yarinya. Me zan bukata?"

Direba ya danna ham. Ta hau matakala ɗaya, ta juyo, ta buɗe baki. Mossie ya matso har takalminsa ya taɓa tayar bas.

"Ka riƙa shan maganinka," ta ce.

Ƙofa ta rufe. Ya tsaya yana ɗaga hannu har bas ɗin ya sha kwana. Da ya juya zai tafi, ƙugun ya ƙi. Sai da wani mai tasi da ya san shi ya kai shi gindin lungu, maƙwabta biyu suka tallabe shi zuwa ƙofa.

Ranar Litinin nas ta zo ƙarfe goma. Ya sa hannu a wurare uku da ta nuna masa. Ya yi mata tayin shayi, ta ce tana sauri.

Har yau ba a gama gardamar a kasuwa ba. Masu kifi sun ce shekara ashirin da biyu a ƙasar mutane ba wasa ba ce, yarinya ta manta, laifin tsohon ne da taurin kansa. Noreen ta ce ƙarya ne. Ta ce a gabanta aka yi wa yarinyar karatun dalla-dalla a kan farantin tumbi, kuma ta ga lokacin da idonta ya sauka ƙasa kafin ta yi dariya. Ba wanda ya kai wa Mossie wannan magana. Ko an kai ma, ba zai saurara ba.

Sai da ya kwana goma a gidan tsofaffin sannan ya kira Rotterdam. Ya ce ya samu wuri mai kyau, shi ya zaɓa da kansa, akwai ɗumi, ana wanke masa kaya, tsohon gidan dama ya ishe shi. 

"Me ya sa ba ka gaya mini ba, Baba?"

"Me zan gaya miki? Abin farin ciki ne."

Ta yi kuka kaɗan. Ya bar ta ta gama, yana kallon filin ajiye motoci ta taga, wayar manne da kunne. Sannan ta ce abin ya zo daidai ta wani wajen, don mahaifiyar Wouter ta faɗi a banɗaki makon jiya, sun ce ta dawo ɗakin ƙasa, ta ce to. Ranar Asabar za a kawo kayanta.

"Madalla," in ji Mossie. "Ki gaishe ta."

Ta ce in rani ya yi za su zo su gan shi. Ya ce su taho da rigar ruwa.